Zobe a Cikin Bango

"Ina tagata?"

Usta Ragab bai juyo ba. Ya ci gaba da kankare cokalin gininsa a bakin bokiti kamar ba da shi ake ba.

Nasma na tsaye a tsakiyar falon, ko farar rigar aikinta ba ta cire ba, numfashinta na fita sama-sama saboda hawa biyar ɗin da ta yi a guje. A bangon arewa, inda shekaranjiya ta tsaya iska tana kaɗa mata mayafi, yau jan bulo ne jere reras. Simintin tsakaninsu ko bushewa bai yi ba.

"Usta, da kai fa nake. Ina tagata?"

"Dakta, ni magini ne. Manya suka ce a toshe, na toshe."

"Waɗanne manya? Gidan nan yana da manyan da suka wuce ni?"

Daga can gefe aka yi 'yar dariya. Daliya ce, zaune a kan buhun siminti da ta shimfiɗa wa jarida, tana fifita da katin launukan fenti. 'Yar ƙanwar mahaifiyar Hazim saurayin Nasma ce, wadda duk dangi suka san an so a haɗa su shi ya ƙi. Tun da aka fara gyaran gidan ta naɗa kanta mai ba da shawara, ba tare da kowa ya gayyace ta ba.

"Haba Dakta, taga ce fa kawai," ta ce cikin sanyin murya. "Wadda ba ta yini a gida, me za ta yi da taga?"

Kafin Nasma ta ba ta amsar da ta dace da ita, Hazim ya shigo. Ƙurar alli na nan a hannun rigarsa, daga aji ya fito, yana riƙe da ledar abincin koshari da ya sayo wa masu aiki. Ya dubi bangon, ya dubi Nasma, sai ya sunkuyar da kai. Wannan sunkuyawar ita ta fi komai ƙona mata rai, don ta nuna ya sani.

"Hazim... wa ya ce a toshe?"

Ya ajiye ledar a ƙasa.

"Mamanka ce? Ko wannan da ke zaune?"

"Ni ne," ya ce, idonsa a ƙasa. "Nish ɗinki, kabad ɗin tangaran, ba zai shiga ko'ina ba sai wannan bangon. Za mu sa na'urar sanyaya ɗaki, hasken idona, wallahi ba za ki ji..."

"Kada ka ƙara kirana hasken idonka a cikin duhun da ka gina mini."

Ta zare zoben baikon da ke damanta, wanda saura 'yan makonni a ɗaura aure a mayar da shi hagu. Ta taka har jikin bangon, ta danna shi cikin ɗanyen simintin da ke tsakanin bulo biyu, ta tura da babban yatsa sai da ya ɓace. Ta shafe wurin tas.

"In kana son zobenka, ka fasa ka ɗauka."

Ta sauka ba ta waiwaya ba. Yana kiran sunanta a bene na huɗu, yana kira a na uku. Tana kaiwa titi ta tare tuktuk mai ƙafa uku ta koma wurin aiki, don minti arba'in ɗin cin abincinta ta sata ta zo.

Duk wanda ya yi bazara ɗaya a Alƙahira ba sai an yi masa bayanin bahri ba. Iskar arewa ce da ke tasowa daga teku idan rana ta yi sanyi. Gidan da ya fuskance ta ana barci a cikinsa, wanda ya ba ta baya kuwa gasuwa ake yi har asuba. Mutanenmu kafin su tambayi ɗaki nawa ne a gida, sai sun tambaya ko bahri ne.

Nasma ba ta tashi a irin wannan gidan ba. Gidansu na unguwar Shubra ƙasan bene ne, tagarsu ɗaya tak, ita ma cikin ramin tsakiyar benen take buɗewa, inda bututun ruwa ke ɗiga warin soye-soyen maƙwabta ke taruwa. Mahaifinta, marigayi Sabri mai gugar kaya, shi ya sa mata suna Nasma, wato sassanyar iska. Yakan ce tunda gidan ya ƙi ba shi, shi ya haifi tasa. Ciwon ƙirji ya kwantar da shi a wani watan Agusta, kuma maganar da ya yi ta nanatawa a kwanakinsa na ƙarshe ita ce a buɗe taga. Alhali tagar a buɗe take.

Shi ya sa da aka zo neman gida ta ƙi wanda ke kusa da asibitin da take aiki, ta ƙi mai lif, ta zaɓi wannan da ke can ƙarshen unguwar Faisal, hawa na biyar, jan bulo tsirara babu ko yaɓe. Bayansa fili ne da ba a gina ba, iska na shigowa babu mai tare ta. Ranar da suka fara ganinsa ta tsaya a tagar ta ba Hazim labarin babanta, ya kuma yi mata alkawari da bakinsa.

Daga nan wahala ta fara. Ita tana ba da magani a asibiti, shi yana koyar da lissafi da safe, da yamma ya bi gidaje yana darasi. Tana ƙirga wa mara lafiya ƙwaya da hannu ɗaya, waya maƙale a kafaɗa tana faɗa da mai famfo. Ranar hutunta a kasuwar tayil take ƙarewa. An sa tayil ɗin banɗaki a juye, ta haƙura. Tanti Ihsan, mahaifiyar Hazim, ta ce launin kicin ɗin ya yi kama da na asibiti, ta canza. Daliya ta kawo fitilar falo mai kama da ta ɗakin biki, ta haɗiye fushinta ta ce an gode. Abu ɗaya ta ce kada a taɓa mata a duk gidan, shi kuma aka taɓa.

Kuma saboda me? Saboda nish! Ƙaton kabad ɗin gilashin nan da ake jera wa amarya tangaran da kofunan da har ta tsufa ba za a sha ko ruwa da su ba. Ni dai ban taɓa ganin abin da ya kai shi cin wuri da rashin amfani ba, amma je ka faɗa wa uwar amarya haka ka ga yadda za ku kwashe.

Makon nan Nasma ta yi shi ne kamar garwashi. Hazim ya kira har ya gaji, ya turo saƙo ya ce rabin ransa ta saurare shi ko sau ɗaya, ta goge ba ta gama karantawa ba. Ya zo ƙofar asibiti ya tsaya cikin rana, ta fita ta ƙofar baya. Tanti Ihsan kuwa ta bi dangi da waya tana cewa dama ta faɗa, yarinyar da ke binne zinare a bango saboda iska ba matar zama ba ce, ga 'ya'yan mutunci nan a gida an ƙi gani. Daliya ma ta zo sayen maganin ciwon kai har wurin aikinta, ta tambaye ta cikin tausayawa ko za a iya mayar da labulen da aka ɗinka, tunda yanzu babu inda za a rataya shi.

Nasma ta miƙa mata maganin ta ce ta sha biyu, ciwon da ke damunta ba na kai ba ne amma ta gwada.

Abin da ba ta faɗa wa kowa ba shi ne tana kewarsa. Hannunta kan kai wurin zoben ya tarar da wayam, sai haushin kanta ya kama ta, ta huce a kan duk wanda ya zo kusa.

Ranar Alhamis da magariba ta dawo ta tarar da mahaifiyarta, Sitt Fawziyya, zaune a ƙasa tana naɗe shinkafa cikin ganyen kabeji. Kwalayen tangaran ɗin nish sun cika rabin ɗakin, wasu a kan sif, wasu a ƙarƙashin gado. Nasma ta ajiye jaka ta ɗora daga inda ta tsaya jiya: Hazim mayaudari ne, ɗan mama ne, wanda ba ya iya cewa a'a ko ga kyanwar gidansu, uwarsa da 'yar ƙanwarta sun juya shi kamar waina.

"Ki daina zagin yaron nan."

"Mama, har ke?"

"Ki daina, na ce." Sitt Fawziyya ba ta ɗago ba. "Ni ce na sa aka toshe."

Nasma ta juyo ta dube ta. Ta zauna a bakin gado ba ta san ta zauna ba.

Maganar ta fito a hankali, uwar tana naɗi tana yi. Daliya ta kawo mata ziyara kwanaki, da kwalin alewa, ta ce ai matan gidansu duk sun zuba ido su ga irin nish ɗin da 'yan Shubra za su kawo, har wata ta ce kada a sa rai da yawa, 'yar mai guga ce. Washegari Sitt Fawziyya ta je wurin kafinta ta ce ya ƙara faɗi, ya ƙara tsawo, ya yi wanda ba a taɓa gani ba a dangin Hazim. Da kafinta ya je ya auna ya ce babu bangon da zai ɗauke shi sai na arewa, ita ta kira Usta Ragab. Hazim bai sani ba sai da aka kai rabi. Ya zo nan gidan ransa a ɓace, ta riƙe hannunsa tana kuka ta roƙe shi da girman Allah kada ya faɗa wa 'yarta.

"Mama, kina ɗakin nan fa." Nasma ta dafa gadon. "Kina zaune a nan, a wannan wurin, Baba yana cewa a buɗe taga..."

"Ina nan." Uwar ta ɗago, idonta jawur. "Ina nan kuma ranar da 'yan uwan babanki suka shigo ganin ɗakina ina amarya, suka dubi bango wayam suka dubi juna. Ɗaya ta ce ko kayan suna hanya ne. Har yau ina jin dariyar. Kina goye na fara sayen kofunan nan, ɗaya-ɗaya. Na rantse ba za a yi miki irin dariyar da aka yi mini ba."

"Sai kika zaɓi a rufe ni da rai don kada a yi dariya."

"Nasma!"

"Kin taɓa hawa gidan? Kin taɓa tsayawa a wurin?"

Ba ta taɓa ba. Gwiwoyinta ba sa son bene, duk abin da ta sani game da gidan a waya ta gan shi.

"To gobe za ki hau," in ji Nasma. "Ko da goya ki zan yi."

Tausayin uwar ya kama ta, amma fushin ya fi ƙarfi, kuma yanzu ya rabu gida biyu. Wanda take yi da Hazim bai ragu ba ko kaɗan. Sabon launi kawai ya yi.

Bayan sallar Juma'a suka isa, rana tana tsakiyar dukanta. Sitt Fawziyya tana hawa tana hutawa, tana kiran sunan Allah a kowane bene, Nasma na riƙe da hannunta. Ƙofar gidan a buɗe suka same ta. Hazim na zaune a ƙasa yana fuskantar bangon, gemu ya fito masa, ga guduma a gabansa. Ya hana Usta Ragab yin yaɓe duk makon, amma ya kasa ɗaga gudumar.

Ya miƙe da sauri, ya ba Sitt Fawziyya buhun siminti ta zauna. Da ya dubi fuskokinsu ya gane an faɗa.

"Nasma, ni dai..."

"Ka yi mini ƙarya."

"Na ga in da ni kike fushi, zan iya lallashinki. Mama kuwa ita kaɗai gare ki. Ban so ki dube ta da irin idon da kika dube ni ba."

"Allah sarki, jarumi." Ta matso har tana jin hucinsa. "Ita ta yanke mini hukunci sau ɗaya, kai ka yanke sau biyu. Ka bari aka ƙarasa ginin, sannan ka zaɓar mini wanda zan yi fushi da shi. Ni yarinya ce? Ina riƙe da maganin da in na kuskure mutum zai mutu, amma ba za a iya faɗa mini gaskiya a kan gidana ba?"

"Na yi kuskure."

"Uwarka tana yawo da sunana a dangi, kana ji ka yi shiru."

"Jiya na je na faɗa mata komai. Na kuma ce wa Daliya kada ƙafarta ta ƙara taka benen nan." Ya ɗago ya dube ta. "Ba na barci, Nasma. Ina shiga aji in rubuta lissafi in manta inda na dosa. In gidan ne ba kya so a bar shi, in tagar ce a buɗe, amma kada ki ce ni ne ba kya so."

Zuciyarta ta motsa, ta kuwa ji haushin motsin. Ta buɗe baki za ta ƙara masa wata, sai suka ji tari a bayansu.

Sitt Fawziyya ce. Hawan benen da zafin falon sun haɗu sun taru mata a ƙirji. Falon ya zama tanda, ga warin siminti, babu ta inda iska za ta shigo. Gumi ya jiƙa mata mayafi, tana fifita da hannu tana jan numfashi da ƙyar.

"Wayyo... ku buɗe taga, 'ya'yan nan. Ku buɗe..."

Sai ta ji abin da ta faɗa.

Ta juya a hankali ta dubi jan bulon. Babu wanda ya yi motsi. Nasma ta dubi mahaifiyarta, ta san ba falon nan take gani ba, wani ɗaki take gani a Shubra da wani mutum a kwance. Tsohuwar ta rufe fuska da gefen mayafi ta fashe da kukan da ba ta yi irinsa ba tun ranar jana'iza.

"Sabri, ka yafe mini," take cewa. "'Yata, fasa. Fasa shi, don Allah."

Hazim ya sunkuya zai ɗauki gudumar, Nasma ta riga shi.

"Tagata ce."

Bugun farko hannunta ya yi zafi har kafaɗa, bulon ko gezau. Ta ƙara. Ta buga na tayil ɗin da aka juya, ta buga na launin kicin, ta buga na fitilar Daliya, ta buga na 'yar mai guga. Tana bugu tana hawaye, ƙura ta bule mata gira. Can bulo ɗaya ya saki, haske ya shigo ta ramin kamar tafin hannu, iskar ta biyo shi.

Ba wata iska ce mai yawa ba, rana ba ta ma yi sanyi ba. Amma ta taɓa goshin Sitt Fawziyya, ta ɗaga bakin mayafinta. Tsohuwar ta lumshe ido ta ja numfashi mai tsawo har cikin ciki.

"Ashe haka take," ta ce a hankali.

Sauran Hazim ya ƙarasa, yana zare bulon ɗaya bayan ɗaya yana ajiyewa ciki. Da ya zo kan layin da zoben yake, ya sa kan gudumar a hankali yana ɓanɓare simintin. Ɗan dunƙulen ya suɓuce masa, ya yi tsalle a bakin tagar, ya faɗa waje. Suka leƙa tare, suka ga ya sauka can ƙasa cikin filin, tsakanin tarin yashi da fasassun bulo.

Hazim ya dube ta kamar zai yi kuka.

"Me kake kallona?" ta ce. "Sauka ka ɗauko."

Ya sauka a guje.

Sitt Fawziyya ta share fuska, ta tambaya da ƙaramar murya yadda za a yi da nish. Nasma ta ce kafintan da ya iya ƙara shi zai iya raba shi biyu, rabi a dama da tagar rabi a hagu, duk matar da ta zo ganin tangaran ta sha iska kyauta. Uwar ta ce to amma kofuna masu bakin zinare a ɓangaren da ake fara gani za a sa su. Nasma ta durƙusa ta sumbaci kanta. Haka kuwa aka yi, kuma har yau Tanti Ihsan in ta zo gidan sai ta ce ba ta taɓa ganin nish mai rami a tsakiya ba, tana faɗa tana jan kujerarta kusa da ramin.

Amma wannan daga baya ne. A ranar dai Nasma ta jingina a bakin tagarta, iska na busar mata da hawaye, tana kallon malamin lissafi a durƙushe cikin yashi yana tono da hannu biyu. Tana ganin inda dunƙulen ya faɗa sarai. Sai da ta bari ya yi gumi sosai kafin ta ce masa ya duba hagunsa, kusa da tsohuwar taya.

Ya ɗaga shi sama, ya fasa simintin da dutse, zinaren ya yi ƙyalli a rana.

"Na samu!" ya ƙwala. "Hasken idona, za ki karɓa?"

Maƙwabta sun fara leƙowa. Nasma ta gyara mayafi, ta danne murmushin da ke neman tona mata asiri.

"Hawo tukuna," ta ce. "Ban gama faɗan ba."